Labarin 'yata kurma da takardar da ta tsaya mata a makarantun Amurka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina so in rubuta labarin nan aiki bai bari ba, ga shi ni ba gwanar rubutu bace, to amma tunda yanzu ake ta maganar taɓa dokar ilimin yara masu buƙata ta musamman a nan Amurka, kuma naga da yawa daga cikin mutanenmu da ke zaune a ƙasar nan ko sunan dokar basu sani ba alhali 'ya'yansu na cin moriyarta kullum, sai nace bari dai in faɗi abinda na gani da idona. Ni uwa ce, aikina kula da tsofaffi a gidajensu, yawanci da dare nake yi, maigidana kuma direba ne. 'Yarmu ta biyu kurma ce, haka Allah ya bamu ita, yanzu tana hayiskul.

A asibitocin nan ba a sallamar mai jego sai an gwada kunnen jariri, wasu 'yan wayoyi ake manna mishi yana barci. Tata bata ci gwajin ba, aka sake, aka tura mu wajen masana ji, suka tabbatar kunne ɗaya baya ji sam, ɗayan kuma sai ƙara mai ƙarfi sosai take ɗan tsinka. Ba zan tsaya kan kukan da na sha ba, duk uwa ta san wannan. Abinda ya ɗaure min kai shine ko hawaye ban gama sharewa ba aka kira ni a waya wai za a dinga turo mana malama har gida. Baban yara yace ke bi a hankali, ƙasar nan ba a kyauta, bil na nan tafe. Har yau dai bil bai zo ba. Matar nan zata zo ta cire takalmi ta zauna a ƙasa da jakar kayan wasanta, ta koya wa jaririya maganar hannu ta koya mana mu ma, ta nuna min yadda zan saka mata na'urar ji a kunne ba tare da ta fizge ta jefar ba.

Sai daga baya na gane ashe ba kirkin asibiti bane, doka ce. Sunanta IDEA. Shugaba Gerald Ford ne ya sa mata hannu a ƙarshen 1975 da wani suna daban, a 1990 aka bata wannan sunan, kuma rabon da majalisa ta yi mata babban garambawul tun 2004. Kafin dokar yara sama da miliyan ɗaya ne makarantun gwamnati suka rufe wa ƙofa gaba ɗaya, har akwai jihohin da dokarsu ta yarda makaranta ta ƙi karɓar kurma ko makaho. A Amurka fa, ba wani wuri ba. Dokar tace duk yaro mai nakasa sai an bashi ilimi kyauta wanda ya dace da shi, kuma gwargwadon iko a aji ɗaya da sauran yara, kada a ware shi sai in ya zama dole. Tana da ɓangaren jarirai daga haihuwa zuwa shekara 3, shine wanda ya kawo mana malamar nan gida, sai babban ɓangaren daga shekara 3 zuwa 21. Yaran da ke ƙarƙashinta a shekarar karatu ta 2022-23 sun kai kusan miliyan bakwai da rabi, wajen kashi 15 cikin ɗari na ɗaliban makarantun gwamnati kenan.

Da ta cika shekara uku sai aka miƙa mu hannun hukumar makarantun gundumarmu, a nan na fara haɗuwa da abinda ake kira IEP. Takarda ce da ake rubuta wa kowane yaro shi kaɗai, inda yake a karatu, inda ake so ya kai cikin shekara, da taimakon da za a bashi. Ana zama a kanta duk shekara, kuma uwa ko uba suna cikin masu yanke shawara, ba 'yan kallo bane.

Mitin ɗina na farko wallahi ji nayi kamar an kai ni kotu. Dogon tebur, su sun jeru a gefe ɗaya kowa da kwamfutarsa a buɗe, malamar aji, mai koyar da magana, mai gwajin ƙwaƙwalwa, wakiliyar gunduma, ni kaɗai a ɗaya gefen na fito daga aikin dare idona jawur. Doka tace su samo min tafinta in fahimci abinda ake cewa, sai suka ajiye waya a tsakiyar tebur wani bawan Allah yana fassarawa daga nesa, Hausarsa kyakkyawa amma shi kansa bai san kan kalmominsu ba, in sun yi bayani mai tsawo sai yace min "Hajiya, sun ce dai zasu taimaka mata." Aka turo min takardu masu kauri aka nuna min inda zan sa hannu. Kowa murmushi yake, kowa na cewa yarinyar tana da daɗin sha'ani. Babu wanda yayi min mugunta a ɗakin nan, amma na fita ban san me aka yanke ba.

Wadda ta buɗe min ido wata dattijuwa ce a cibiyar horar da iyaye, kowace jiha akwai irinta aƙalla ɗaya kuma da kuɗin wannan dokar gwamnatin tarayya ke riƙe su, ku riƙe wannan don zan dawo kansa. Ɗanta makaho ne ya girma, ta sha gwagwarmayarta tun da daɗewa, Anti nake ce mata. Ta ɗauki takardar 'yata ta sa tabarau ta wuce duk shafukan yabo bata ko kalla ba, kai tsaye ta tafi shafin da aka jera taimakon, ta ɗora yatsa a wani layi. An rubuta za a koya mata magana da maganar hannu "gwargwadon buƙata". Tace min 'yar uwa wannan layin babu komai a cikinsa, waye zai auna buƙatar, su ne. Ki koma kice su rubuta minti nawa, sau nawa a sati, waye zai yi, a ina. Tace duk abinda aka faɗa miki da baki a mitin ba a rubuta ba ki ɗauka ba a faɗa ba, kuma babu dole ki sa hannu a ranar, ki ɗauko takardar ki kawo gida a karanta. Na koma. Layin ya koma minti 30 sau uku a sati, da tafintar maganar hannu mai takardar shaida a duk darasi, da makirufon da malama zata rataya a wuya yana aika muryarta kai tsaye cikin na'urar kunnen yarinya. Makaranta ɗaya, mutane ɗaya, yarinya ɗaya, amma daga ranar abubuwa suka canza, saboda yanzu akwai lamba a rubuce da za a iya ƙirgawa.

Shekarun farko na firamare sun tafi lafiya alhamdulillah. Tafintarta wata mata ce mai haƙuri, ita ta koya mata karatu kusan, har sauran yaran ajin suka fara kwaikwayon maganar hannu don su yi wasa da ita.

Sai shekarar da matar ta samu wani aikin da yafi albashi ta tafi. Ba a gaya min ba. Sakamako na ta zuwa gida mai kyau, amma in na tambayi yarinya me aka koya yau sai ta ɗaga kafaɗa, kullum da safe ciwon ciki, yarinyar da da ita ke tashina. Rannan na nemi izinin zama a bayan aji. Abinda na gani har yanzu in na tuna raina ɓaci yake. Wata 'yar budurwa aka ajiye kusa da ita, mai taimakon aji ce, ta iya 'yan alamomi kamar zauna, rubuta, yayi kyau, shikenan. Malama tana bayani ta juya baya tana rubutu a allo, 'yata bata ganin bakinta, bata jin muryarta, makirufon kuwa yana cikin durowar tebur batir ya mutu. Sai naga yarinyar ta ɗan karkata tana leƙen littafin na kusa da ita, in ya buɗe shafi ta buɗe, in ya rubuta ta kwafa, in yara sunyi dariya itama tayi dariya bayan sun gama. Haka take rayuwa tun farkon zango kuma ana bata maki mai kyau don littafinta cike yake.

Na rubuta wasiƙa da kwanan wata kamar yadda Anti ta koya min, akayi mitin, aka bani haƙuri, aka ce ana neman tafinta ba a samu ba. Da naga abin na neman zama gobe jibi sai na shigar da ƙorafi a ma'aikatar ilimi ta jiha, doka ta basu kwana 60 su bincika su bada amsa a rubuce. Suka ce gunduma ta saɓa takardar, aka umarce su su kawo tafinta su kuma rama mata darussan da ta rasa lokacin hutu. Abinda aka kasa samu wata da watanni sai gashi ya samu, ta hanyar wani kamfanin tafinta, da tsada.

Bayan an gama ne shugabar sashen yara masu buƙata ta musamman ta tsayar da ni a bakin ƙofa, mace ce mai kirki kuma ta gaji, tace min Maman yarinya ban ji haushinki ba, da ni ce haka zanyi, amma ki sani kuɗin da zan biya tafintar 'yarki daga wani wuri zan yanko shi, kuma akwai yaran da iyayensu basu san hanyar da kika bi ba. Maganar nan ta tsaya min a rai fiye da duk abinda ya faru. A nan na fara bin diddigin kuɗin.

Ashe tun 1975 da akayi dokar majalisa ta tsara cewa gwamnatin tarayya zata iya ɗaukar har kashi 40 cikin ɗari na matsakaicin abinda ake kashe wa ɗalibi, a kan kowane yaro mai nakasa, don a rage wa jihohi nauyi. Shekara hamsin kenan ba a taɓa cika wannan ba, a 'yan shekarun nan ko kashi 15 bata kaiwa. Kuɗin da ake warewa duk shekara wajen dala biliyan 15 ne, a kunne kamar yawa, amma raba shi kan yara miliyan bakwai da rabi kiga abinda zai rage, kusan dala dubu biyu kowane yaro, alhali tafinta ɗaya albashin cikakken ma'aikaci ne. Shi kansa Ford lokacin da ya sa hannu sai da yace dokar tayi alkawarin abinda gwamnatin tarayya ba zata iya cikawa ba. Sauran kuɗin jiha da gunduma ke nemowa, gunduma kuma yawanci daga harajin gidaje take samu, to unguwar masu hali ta samu da yawa unguwar talakawa ta samu kaɗan. Haƙƙin yara iri ɗaya ne a takarda, amma da yake kuɗin bai isa ba sai ya zama wanda uwarsa ta iya rubuta wasiƙa ko ubansa ke da kuɗin lauya shi ke samu, ɗan baƙuwar da bata jin Turanci sai ya ƙare da 'yar budurwa mai cewa zauna, rubuta.

Kuma ba a kaina aka fara ba. Akwai wani yaro kurma a jihar Michigan, Miguel Perez, iyayensa baƙi ne daga Meziko, shekara da shekaru aka haɗa shi da mai taimakon da bata iya maganar hannu ba, ana ta bashi maki mai kyau iyaye na murna, sai ana saura 'yan watanni ya gama aka ce musu ba zai samu takardar kammalawa ba. Sai da maganar ta kai kotun ƙoli, a 2023 alƙalan duka suka yarda yana da damar neman diyya. Da na karanta labarinsa jikina sanyi yayi, don hanyar da aka ɗora 'yata kenan. Ita kotun tun a 2017 ta riga tace ɗan ci gaba kaɗan na jeka-na-yi-ka bai wadatar ba, dole tsarin yaro ya zama wanda zai kai shi gaba da gaske daidai da halinsa.

To ga abinda aka taso da shi a 2025. A watan Maris na 2025 shugaba Trump ya sa hannu a umarnin a fara rushe ma'aikatar ilimi ta tarayya a mayar da harkar hannun jihohi, ya kuma ce harkar yara masu buƙata ta musamman zata koma ma'aikatar lafiya. Rufe ma'aikatar gaba ɗaya sai majalisa ta yarda don doka ce ta kafa ta a 1979, amma a watan aka rage ma'aikatanta kusan rabi, ofishin da ke karɓar ƙorafin nuna bambanci a makarantu aka rufe rassansa 7 cikin 12, kuma da yawa daga cikin ƙorafin da ke zuwa can na yara masu nakasa ne. Sai kuma daftarin kasafin kuɗin 2026 da fadar shugaban ta aika majalisa, wanda ya nemi a haɗe ƙananan asusun dokar, na yara 'yan shekara 3 zuwa 5, na horar da malamai, har da na cibiyoyin iyaye irin wadda na haɗu da Anti, a zuba su cikin babban asusu a miƙa wa jihohi su raba yadda suka ga dama. Sun ce jimlar kuɗin ba zata ragu ba. Akwai ma masu son aje gaba da haka, a bada kuɗin dunƙule babu wani sharaɗi. Majalisa ce dai ke da wuƙa da nama a kan wannan.

Ni ba zan ce duk maganarsu banza bace. Takardun sun yi yawa gaskiya, na ga malamai masu kirki da suka bar aikin don rabin ransu a cike fom yake ƙarewa, kuma tunda jihohi ne ke biyan kaso mafi girma dole su ce suna da ta cewa. Amma duk macen da ta taɓa riƙe gida ta san in aka haɗa kuɗin maganin yaro da kuɗin cefane a jaka ɗaya, tukunya ce zata cinye, ba don mugunta ba sai don yunwa kullum take magana da ƙarfi. Cibiyar iyaye aikinta koya wa mutane irina yadda zasu matsa wa gunduma da jiha lamba, to wace jiha ce in kuɗi ya matse zata zaɓi ta ci gaba da biyan masu koya wa mutane kai ƙararta? Kuma jihar da ta tsaya min a kan gunduma ta tsaya ne don itama akwai na sama da ke duba ta, wanda zai iya riƙe kuɗinta. Mun ga abinda ya faru a Texas, tun 2004 suka sa wa gundumomi ma'auni kada yaran da ke samun wannan taimako su wuce kashi 8.5 cikin ɗari, aka dinga hana yara gwaji a ɓoye, sai a 2016 jaridar Houston Chronicle ta tona, a 2018 gwamnatin tarayya ta tabbatar sun karya doka. In babu ma'aikata a sama wa zai tabbatar? Batun ma'aikatar lafiya kuwa ni ban gane ba, 'yata ba marar lafiya bace, likitanta daban, abinda take buƙata a aji shine ta gane lissafi da tarihi.

Sai maganar bauca, wato gwamnati ta taimaka da kuɗi ki kai ɗanki makarantar kuɗi. Jihohi da dama suna yi, kuma dokar harajin da akayi a watan Yulin 2025 ta buɗe wata sabuwar hanya da zata fara aiki a 2027 ga jihar da ta so shiga. Mutanenmu da yawa suna so, musamman masu son kai yara makarantar addini, kuma ni ban ga laifinsu ba. Amma mai ɗa irin tawa ta tsaya ta karanta da kyau, don in ke da kanki kika cire shi daga makarantar gwamnati kika kai ta kuɗi, wannan haƙƙin nasa na kansa da IEP ke bashi baya binsa can. Wata ƙawata tayi haka da ɗanta mai galahanga, makarantar suka karɓe shi hannu bibbiyu, kafin zango ya ƙare suka kira ta suka ce basu da ma'aikatan da zasu iya da shi, babu inda zata kai ƙara, ta dawo da shi ta gwamnati aka sake gwaji daga farko, shekara ta tafi.

Abinda ke ban takaici shine akwai wani ƙudurin da ake ta gabatarwa a majalisa kusan kowane zama, na cika alkawarin kashi 40 ɗin nan a hankali cikin shekara goma, Sanata Chris Van Hollen da ɗan majalisa Jared Huffman na cikin masu ɗauko shi, 'yan jam'iyyun biyu na sa hannu, kowa ya ɗauki hoto, sannan ya kwanta a kwamiti. Gwamnatoci nawa suka zo suka wuce na kowane ɓangare babu wadda ta cika. Ni a ganina ciwon dokar nan ba yawan sharaɗi bane, rashin kuɗi ne, kuma wannan shugabar sashen da ta tsayar da ni a bakin ƙofa ba 'yanci take nema ba, albashin tafinta take nema.

Na kira ofishin ɗan majalisarmu na faɗi wannan da Turancina mai karyewa, wani yaro ya ɗauka yace zai rubuta, ko ya rubuta oho. Anti tace basa tambayar takardun zama, adireshi kawai suke tambaya su tabbatar kina mazaɓarsu. Na kuma fara raka matan unguwarmu mitin ɗin 'ya'yansu in na samu hutu, don doka ta yarda uwa ta zo da wanda take so, ni dai zama nake kusa da ita in mun kai shafin taimako in ce a tsaya a karanta mana layi layi.

Mitin ɗinmu na gaba na shirin bayan makaranta ne, doka tace kafin yaro ya cika 16 sai an rubuta inda ya dosa, aiki ko kwaleji, kuma dole a gayyace shi da kansa. 'Yata tace aikin lab na asibiti take so, ta riga ta rubuta abubuwan da zata nema, na farko tafinta wanda ya san kalmomin kemistiri don na yanzu sai ya dinga harhaɗa mata haruffa da yatsu ɗaya bayan ɗaya kafin ya gama malami yayi nisa. Ta ce min Umma wannan karon ni zanyi magana ke ki duba mintocin kawai. Gundumar kuma na ji tafinta biyu zasu yi ritaya ƙarshen shekarar nan, har yanzu ba a ɗauki kowa ba, don haka na riga na aika wasiƙa ina tambayar wa zai maye gurbinsu.